Bango ganye ne kawai? Amsa ga wani uba daga Gadarif

Tambaya: Wani bawan Allah daga Gadarif a ƙasar Sudan ya rubuto cewa ya kama ɗansa mai shekara 17 da bango, wato tabar wiwi. Da ya yi masa faɗa sai yaron ya kawo hujja uku: ganye ne da Allah ya halitta kamar rama da karkade, Turawa sun halatta shi har suna magani da shi, kuma babu ayar da ta ambace shi. Uban yana son ya san abin da ke cikin ganyen, ko da gaske yana haukatarwa, me malamai magabata suka ce a kansa, da kuma yadda zai yi da yaron.

Amsa: Malam, Allah ya shirya mana zuri'a. Kowace hujja cikin ukun nan akwai ɗan gaskiya a jikinta, shi ya sa idan ka tsaya a kan cewa duk mai shan bango mahaukaci ne, yaron ba zai saurare ka ba, domin yana ganin abokansa da suke sha suna tafiya da ƙafafunsu. Illar wiwi tana rataye ne a kan abu huɗu: yawan THC, wato sinadarin da ke bugarwa, da ke cikin abin da aka sha, shekarun mai sha, yawan shan, da ko akwai taɓin hankali a danginsa. Mai shekara 17 tun a kan na biyu ya riga ya faɗa sahun da likitoci suka fi jin tsoro.

Sunan tsiron a ilimin tsirrai Cannabis sativa, wanda Carl Linnaeus ya sa masa a 1753. A 1785 Lamarck ya bayyana wani iri daga Indiya ya kira shi Cannabis indica, kuma har yau masana ba su gama musu kan ko jinsi ɗaya ne ko biyu ba. Tsiro ne na shekara guda, akwai namiji akwai mace a tushe daban-daban irin na dabino. Ganyen wata ramar yana kama da nasa sosai, amma ba su haɗa dangi ba, kuma babu komai na maye a rama. Abin da ke bugarwa ba a cikin faffaɗan ganyen nan mai yatsu ya taru ba. Yana cikin wasu 'yan gashi ƙanana masu kai kamar na allura, waɗanda suka lulluɓe furen macen, cike da danƙo mai wari. Irin da sanda da saiwa kusan babu komai a cikinsu. Daga nan bambancin kayan kasuwa ya fito. Bango busasshen kan macen ne haɗe da ganye da iri, wanda 'yan sandan Sudan ke ƙirgawa da ƙandul idan sun yi kamu. Hashish danƙon ne zalla aka tara aka curi, don haka ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai man hashish, wanda ya fi su duka. Akwai kuma irin da aka daɗe ana nomawa don igiya da tufafi da mai, wanda a Amurka da Tarayyar Turai doka ta ce kada THC ɗinsa ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Wannan ko an sha ba ya bugarwa.

An gano sinadarai fiye da 500 a tsiron, fiye da 100 daga ciki na wani gida ne da ake kira kanabinoyid. Uku suka isa mu sani. THC, wato tetrahaidrokanabinol, shi ne mai mayen. CBD, kanabidayol, ba ya bugarwa. CBN, kanabinol, shi ne abin da THC ke komawa idan kaya ya tsufa ya sha iska da rana, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. THC da CBD kayan gininsu ɗaya ne sak, ƙwayar kabon 21, haidrojin 30, oksijin 2. Bambancin shi ne wani zobe da ke rufe a THC yana buɗe a CBD, kuma wannan ɗan bambancin siffa shi ya raba mai juya hankali da maganin farfaɗiya. Duka biyun daga uwa ɗaya suke fitowa, wani sinadari mai suna CBGA. Tsiron yana da inzayim guda, wato sinadari mai juya wani sinadarin, da ke mai da CBGA ya zama THCA, da wani da ke mai da shi CBDA, kuma gadon iri ne ke yanke wanda zai rinjaya. Tunda kayan da suke ja ɗaya ne, duk irin da aka zaɓa don ya yi THC da yawa, CBD ɗinsa raguwa yake yi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗanyen tsiro ba THC yake ɗauke da shi ba, THCA ne, wanda ba ya bugarwa sosai. Zafi ne ke fizge masa wani ɓangare ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid, sannan ya zama THC. Abin da wutar sigari ke yi ke nan. Warin kuwa na wasu sinadarai ne daban, irin waɗanda ake samu a ɓawon lemo da kanumfari da masoro, tare da 'yan kaɗan masu farar wuta. Don haka ƙarfin wari ba shi ne ma'aunin ƙarfin maye ba, ko da yake mashaya sun yarda da hakan.

Ilimin nan bai daɗe ba. An ware mofin daga ofiyom tun farkon ƙarni na 19, amma wiwi ya ba masana wahala saboda sinadaransa masu maiƙo ne, suna manne da juna. Roger Adams ya ware CBD a Amurka a 1940. Sai a 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware THC tsantsa suka fayyace siffarsa a Isra'ila. A 1988 aka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da wani makarɓin saƙo da THC ke kamawa, wanda aka sa wa suna CB1, a 1993 aka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a garkuwar jiki. Tambayar da ta biyo baya ita ce me makarɓin nan yake yi a jikin wanda bai taɓa ganin wiwi ba. Amsar ta zo a 1992 da aka gano anandamaid, sannan 2-AG a 1995, sinadarai biyu da jikinmu ke yi da kansa.

Aikinsu shi ne rage ƙarar saƙo. Idan wata ƙwayar jijiya ta cika aika saƙo ga maƙwabciyarta, mai karɓar sai ta ƙera ɗan 2-AG nan take, ta tura shi baya ya kama CB1 ɗin mai aikowa, ita kuma ta sassauta. Cikin ɗan lokaci kaɗan inzayim ya rusa shi. A wuri guda ake yinsa, a daidai lokacin buƙata, gwargwadon buƙata. THC kuwa ta jini yake zuwa, ya kama CB1 a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa lokaci guda, ya zauna sa'o'i. Duba inda CB1 ya fi yawa, za ka ga alamomin mashayi ɗaya bayan ɗaya. A sashen ajiye sabon tunani, sai mantuwa, ya fara magana ya manta inda ya dosa. A sashen daidaita motsi, sai nauyin jiki da jinkirin taka birki. A sashen yunwa, sai cin abinci ba ƙaƙƙautawa. A sashen tsoro, kaɗan ya kwantar da hankali, da yawa ya jawo firgici da zargin ana bin sa. Jan ido daga buɗewar jijiyoyin jini ne, zuciya kuma tana ƙara bugu 20 zuwa 50 a minti. Tushen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi ba shi da CB1 da yawa, wannan ne dalilin da ya sa wiwi shi kaɗai ba ya tsayar da numfashin baligi yadda tiramadol da hodar hirowin ke yi. Mashaya suna kafa hujja da wannan, kuma a nan gaskiya suka faɗa, sai dai ba ta hanyar numfashi wiwi ke yin ɓarnarsa ba.

Ga lissafi don ka ga girman abin. Giram ɗaya na kaya mai kashi 10 cikin ɗari yana ɗauke da miligiram 100 na THC. Naɗi ɗaya mai sulusin giram ya haura miligiram 30. Wuta tana cinye wani, hayaƙi ya tafi da wani, abin da ke shiga jini kashi 10 zuwa 35 cikin ɗari ne, wato wajen miligiram 3 zuwa 12. Ƙwayar THC ta asibiti da ake ba masu cutar daji daga miligiram 2.5 take farawa. Idan an busa, cikin minti 3 zuwa 10 ya kai ƙololuwa a jini, mayen ya ɗauki awa 2 zuwa 4. Idan ci aka yi a abinci ko aka sha a shayi, ba a jin komai sai bayan minti 30 har zuwa awa 2, sannan hanta ta juya shi ya zama wani sinadarin mai ƙarfin shiga ƙwaƙwalwa, mayen ya kai awa 6 zuwa 8 ko fiye. A nan ake yawan yin kuskure: mutum ya ci, ya ji shiru, ya ƙara, sai duka su taso masa tare. Ƙaramin yaro da ya tsinci guntun hashish ya haɗiye kuwa zai iya suma numfashinsa ya yi rauni, wannan asibiti ake kai shi nan take.

Sai maganar ƙarfi. Kayan da hukuma ta kama a Amurka a 1995 matsakaicin THC ɗinsa wajen kashi 4 cikin ɗari ne, a 2014 ya kai wajen 12, CBD kuma ya yi ƙasa, saboda dalilin da na ce ka riƙe. Akwai alamun cewa CBD yana ɗan sassauta firgici da rikicewar da THC ke jawowa, ko da yake gwaje-gwajen ba su haɗu a kan hakan ba. A Sudan mai saye bai san ƙarfin abin da ya saya ba, ko bangon Radom ne daga Kudancin Darfur, ko shashamandi mai shigowa daga Habasha, ko hashish. Babu takarda a jikinsa, babu awo.

Yana haukatarwa? Ba kowa ba, amma yana ƙara haɗarin, kuma hujjar tana da ƙarfi. A 1987 aka fitar da sakamakon bin diddigin samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja a Suwidin. Waɗanda suka sha fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka marasa sha kusan sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya, ciwon nan na jin muryoyi da zargin mutane. Da aka cire tasirin wasu dalilai adadin ya ragu, bai ɓace ba. Wani babban nazari na 2019 a biranen Turai da Brazil ya sami cewa mai sha kullum ya ninka marar sha wajen sau uku a haɗarin fara taɓin hankali, idan kuma THC ɗin kayan ya kai kashi 10 cikin ɗari, kusan sau biyar. Sikizofireniya tana kama ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari, saboda haka ko an ninka, yawancin mashaya ba za su kamu ba. Amma ninkin ba daidai yake faɗa wa kowa ba. Idan akwai kawu ko baffa ko kaka da ya taɓa samun taɓin hankali, yaron ba irin abokansa ba ne, ko da naɗi ɗaya suke zagayawa. Ka binciki wannan a danginka da na mahaifiyarsa tsakani da Allah, har da waɗanda aka ce iska ce ta taɓa su.

Abin da ya fi hauka yawa, kuma aka fi rainawa, shi ne kamu. Cikin duk waɗanda suka taɓa gwadawa, kusan ɗaya cikin 10 ne ke zama ba ya iya bari. Cikin waɗanda suka fara suna samari, ɗaya cikin 6. Dalilin a bayyane yake: idan THC ya dami CB1 kullum, ƙwaƙwalwa sai ta rage yawansu, daga nan mutum ya buƙaci ƙari kafin ya ji abin da yake ji a da, kuma barci da cin abinci ba sa zuwa sai da shi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma 2-AG da anandamaid suna cikin masu tsara ginin. An yi wani nazari a garin Dunedin na New Zealand da ya nuna raguwar kaifin basira ga waɗanda suka fara da ƙuruciya suka ɗore, wasu masanan sun soki lissafinsa, amma koma baya a karatu da barin makaranta kam an gan su a nazari da yawa.

Leburorin gona da ke cewa yana ba su ƙarfi lokacin yankan riɗi, ba ƙarfi yake ƙarawa ba, jin gajiyar yake dusashewa. Direban tarakta ko raksha kuma hannunsa da idonsa sun yi jinkiri ko da shi yana jin garau yake. Hayaƙin yana da kwalta da gubobi irin na taba, yana kawo tari da majina. Akwai wata cuta da aka fara bayyanawa a Ostareliya a 2004, wadda ke kama waɗanda suka daɗe suna sha: amai ba tsayawa da ciwon ciki, yana tafiya yana dawowa, wanka da ruwan zafi yakan sauƙaƙa shi na ɗan lokaci. Sau da yawa a ɗauka maleriya ce ko gyambon ciki, a yi ta magani a banza, alhali barin shan ne kaɗai ke warkar da ita.

Wani haɗarin kuma ba na tsiron ba ne. Ana cakuɗa kaya da zaƙami, wanda Larabawa ke kira saikaran, don ya ƙara bugu. Alamarsa daban ce: baƙin ido ya buɗe ƙwarai, fata ta bushe ta yi zafi, fitsari ya ƙi fita, mutum yana kama abin da babu shi a iska. Sannan akwai kanabinoyid na ƙira da ake fesawa a kan kowane irin ganye, irin abin da ake kira Kolorado a Najeriya, da kush da ya sa Saliyo ta ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024. THC rabin buɗewa yake yi wa CB1, waɗannan kuwa har ƙarshe suke buɗe shi, shi ya sa suke kawo farfaɗiya da lalacewar ƙoda da mutuwa.

Hujjar magani gaskiya ce, amma ƙunƙuntacciya. Tun 1985 Amurka ta amince da dronabinol, THC a ƙwaya, don aman da maganin cutar daji ke jawowa. Akwai Sativex, feshin baki ga masu wata cutar jijiya mai sandarar da gaɓoɓi, kowace fesa miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD. A 2018 aka amince da Epidiolex, CBD tsantsa, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani, kuma ana ba da shi ne tare da gwajin hanta, domin yana karo da wasu magungunan. Dukansu sinadari ne da aka auna, ga cuta sananniya, a hannun likita. Mofin ma magani ne a asibiti, bai sa ofiyom ya zama abin sha a majalisa ba. Su kansu ƙasashen da suka halatta sha, Uruguwai a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024, duk sun haramta shi ga wanda bai kai 18 ba. A can ma ɗanka laifi yake yi.

Mu koma tarihi, domin nan ne amsar hujjarsa ta uku. Tsiron daga Asiya ya fito. A maƙabartar Yanghai kusa da Turfan a yammacin Sin an tono kabari mai shekara wajen 2,700 da giram 789 na wiwi a ciki. Herodotus na Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wata al'umma makiyaya da ke zuba shi a kan duwatsu masu zafi cikin tanti suna shaƙa. A Indiya ya daɗe a cikin ibada da magani. Kusa da mu, an samu kawunan lofe masu burbushinsa kusa da Lalibela a Habasha, na wajen ƙarni na 14. Likitocin Musulmi na farko sun san irinsa a matsayin magani, amma cin sa don maye bai bazu a ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 na Hijira. Wannan ne ya sa Imam Malik da sauran limaman mazhabobi ba su yi magana a kansa ba, bai zama matsala a zamaninsu ba. Makrizi, masanin tarihin Masar, ya kawo labarin da ake yaɗawa cewa wani shehin sufaye a Khurasan mai suna Haidar, wanda ya rasu a 1221, shi ya gano shi ya koya wa almajiransa. Labari ne, amma yana nuna a cikin waɗanne mutane abin ya fara yawo. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a 1248, ya gan shi a lambunan Masar, ya ce nauyin dirhami ɗaya ko biyu yana bugarwa ƙwarai, kuma wasu da suka yawaita hankalinsu ya taɓu. A lokacin a waɗannan ƙasashen ci ake yi, busawa ta yaɗu ne bayan taba ta shigo wajen 1600.

Da abin ya bayyana, malamai ba su yi saɓani kan hana abin da ke gusar da hankali daga cikinsa ba. Sun kafa hujja da hadisin da ke cewa duk mai sa maye giya ne kuma haramun ne, da hadisin Ummu Salama a wajen Abu Dawud na hani ga duk mai sa maye da mai kashe jiki. Inda suka rabu shi ne ajin da za a sa shi. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, a cikin Alfuruƙ ya raba masu taɓa hankali gida uku: muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi irin na giya, mufsid, mai rikita hankali ba tare da wannan ba, da murƙid, mai ɗauke ji da gani gaba ɗaya. Ya sa hashish a mufsid, domin ya lura masu cin sa shiru suke yi su lafe, ba sa tada rigima kamar mashaya giya. A kan haka babu haddi sai ta'aziri, kuma ba najasa ba ne. Abdullahi Manufi, malamin Shaihu Khalil, ya ce a'a muskir ne, hujjarsa ita ce ya ga masu ci suna sayar da dukiyarsu dominsa, ba za su yi haka ba in ba don daɗin da suke ji ba. Abin da Manufi ya hango shi ne kamun da muka yi bayani a sama. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya fi tsanantawa, ya ce haddi ne irin na giya kuma najasa ne. Zarkashi ya rubuta littafi sukutum kan haramcinsa. Mahukunta ma sun gwada ƙarfi: a 1378 wani amirin daular Mamluk ta Masar, Sudun Shaikhuni, ya sa aka tuge gonakinsa a Alƙahira aka riƙa cire wa masu ci haƙora. Bayan 'yan shekaru abin ya dawo kamar ba a yi ba, kuma wannan darasi ne ga duk uban da yake ganin bulala kaɗai za ta isa.

Turawa kuwa sun yi ta kai da komowa. Sojojin Faransa da suka mamaye Masar sun hana hashish a 1800. A 1839 wani likita ɗan Ayalan a Kalkata, William O'Shaughnessy, ya gwada shi ga masu sandarewar jiki da ciwon gaɓoɓi, daga nan ya shiga kantunan magani na Ingila da Amurka, sai dai likitoci sun yi ta kuka cewa kwalba ɗaya ta yi ƙarfi wata ba ta yi komai ba, tunda ba a san sinadarin da za a auna ba. Kwamitin da Ingila ta kafa a Indiya a 1893 zuwa 1894 ya saurari shaidu 1,193, ya ce shan kaɗan ba shi da wata babbar illa, yawaitawa ce matsala. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Masar ce ta matsa aka sa hashish cikin yarjejeniyar Janeba ta 1925 kan miyagun ƙwayoyi, ta bakin wakilinta Muhammad El Guindy. Amurka ta bi da dokarta a 1937, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sa shi a aji mafi tsanani. A Disamban 2020 aka cire shi daga wannan ajin da ƙuri'a 27 a kan 25, amma yana nan cikin kayan da ake sa wa ido. A Sudan dokar 1994 ta miyagun ƙwayoyi ta tanadi ɗaurin shekaru ga mai sha da ɗaurin rai da rai ga mai fatauci. Idan kuma yaron yana da burin zuwa Saudiyya aiki ko Umra, ya sani hukuncin fasa-ƙwaurinsa a can kisa ne, kuma tun Nuwamban 2022 aka ci gaba da zartar da shi.

To yanzu me za ka yi, Malam? Kada ka yi magana da shi yana cikin maye, ba zai riƙe ba. Ka zaunar da shi da safe, kai da shi, ko da wani kawu da yake jin nauyi. Ka nemi amsar abu huɗu: yaushe ya fara, sau nawa a mako, yana haɗawa da ƙwaya ko wani abu, kuma me yake gudu idan ya sha, domin da yawa rashin barci ne ko damuwa ko abin da suka gani a yaƙin nan. Mai sha jefi-jefi yakan bari idan aka canza masa abokai aka cika masa yini da aiki. Mai sha kullum zai sha wuya, kuma gara ku san haka tun kafin ya fara: bayan kwana 1 zuwa 3 da bari sai fushi, rashin barci, mugayen mafarkai, rashin cin abinci, zufa. Ya fi tsanani a makon farko, yawanci ya lafa cikin mako biyu, barcin kan ɗauki wata guda kafin ya daidaita. Ba ya kisa. A kwanakin nan ne aka fi komawa, kuma a nan ne iyaye kan ɗauka rashin kunya ce ta ƙaru su kore shi, alhali alamar ya bari ce. Kada a sayo masa ƙwayar barci irin su baliyam a kantin magani ba da likita ba, kamunta ya fi na bango wuyar fita. CB1 ɗin da suka ragu suna komawa daidai cikin wajen mako huɗu.

Idan za ka yi gwajin fitsari, ka san abin da yake nunawa. Ba THC yake nema ba, ragowarsa ce da hanta ta sarrafa, kuma abin gwajin yakan nuna ne daga nanogiram 50 a kowace mililita. THC yana ɓuya a kitsen jiki yana fita a hankali, don haka wanda ya sha sau ɗaya zai nuna kwana 1 zuwa 3, mai sha kullum kuwa har wata guda ko fiye bayan ya bari. Kada ka ƙaryata shi don gwajin mako na biyu ya nuna. Yawancin kanabinoyid na ƙira kuma ba sa fitowa a wannan gwajin sam.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan yana jin muryoyi, ko yana cewa ana sa masa guba ko ana bin sa, ko ya yi kwana biyu uku bai runtsa ba yana surutu, ko ya ambaci kashe kansa, ko rikicewar ta wuce kwana biyu bayan ya daina sha, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin da ya fi kusa, kuma a gaya wa likitan gaskiyar abin da yake sha. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da asibiti, kada a ɗaure shi da mari a jira. Farkon taɓin hankali yana jin magani sosai idan an kama shi da wuri, kuma wanda ya daina sha bayan karon farko ya fi wanda ya ci gaba tsira daga dawowar ciwon.